Kwanon Nana Khadija (RA): Darajar Mai Hidima Da Haƙƙin Tunawa Da Ita

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɓoye waliyyanSa a cikin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta kamata kowane muridi ya tsaya a kanta ko da sau ɗaya ne. Ga mutum ya sallame sallar Asuba, ya zauna a kan buzunsa da carbi a hannu yana jan lazimi. A tsakar gida kuma ga mahaifiyarsa ko matarsa, wadda ta riga shi tashi, ta hura wuta a cikin sanyin hunturu, ta ɗora ruwan zafin da ya yi alwala da shi, yanzu tana dama kunun da yara za su sha kafin su fita. A cikin su biyun nan, wa ya fi kusa da Allah a wannan lokaci?

Da yawa za su ba da amsa ba tare da dogon tunani ba, su ce mai carbi. Dalilinsu kuwa a fili yake: zikiri yana da suna, yana da adadi, yana da izini, an rubuta falalarsa a littattafai. Surfe da daka da wanki da jinyar yaro cikin dare ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa idan irin wannan baiwar Allah ta rasu, sai a ji masu ta'aziyya suna cewa mai haƙuri ce, a tashi a kan haka. An dunƙule hidimar shekara 40 ko 50 a cikin kalma uku, kafin sadakar arba'in kuma an koma harkokin yau da kullum.

Rayuwar Nana Khadija ƴar Khuwailid, Allah Ya ƙara mata yarda, ta isa ta sa mutum ya sake duban wannan amsa.

Wace ce ita

Baƙuraishiya ce daga gidan Asad, nasabarta ta haɗu da ta Manzon Allah (SAW) a kan kakansu Ƙusayyu. Tun kafin Musulunci mutanen Makka suna yi mata laƙabi da Aɗ-Ɗahira, wato mai tsarki. Attajira ce, tana ba maza dukiyarta su yi fatauci a raba riba. Ta haka ne ta aiki Annabi (SAW) zuwa Sham tare da yaronta Maisara, da ta ga amanarsa ta kuma ji labarin halayensa, sai ita da kanta ta aika aka nemar mata aurensa. Yana da shekara 25 a lokacin, ita kuma tana da 40 bisa zancen da ya fi shahara.

Sun zauna tare kimanin shekara 25, 15 kafin a aiko shi, 10 bayan an aiko shi, bai kuma auri wata mace ba har ta bar duniya. Ita ce ta haifa masa Alƙasim da Abdullahi da Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗima. Duk ƴaƴansa nata ne in ban da Ibrahim, ɗan Mariya. Ƴaƴan nan maza biyu a hannunta suka rasu suna ƙanana, saboda haka ta san zafin rashin ɗa har sau biyu. Gidanta kuma bai tsaya ga waɗanda ta haifa ba. A nan Sayyadi Ali (RA) ya tashi, a nan Zaidu ɗan Harisa ya girma, haka nan ɗanta Hindu ɗan Abu Hala, wanda ta haifa a aurenta na baya, shi ne wanda daga baya ya siffanta kamannin Annabi (SAW) siffantawar da ake karantawa a cikin Shama'il ta Imamu Tirmizi.

Gaisuwar da ta same ta da kwano a hannu

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Mala'ika Jibrilu (AS) ya zo wa Annabi (SAW), ya sanar da shi cewa ga Khadija nan tafe ɗauke da kwano mai abinci ko abin sha, idan ta iso ya isar mata da gaisuwa daga Ubangijinta da kuma daga shi Jibrilu, ya yi mata bushara da gida na lu'ulu'u a Aljanna, wanda babu hayaniya a cikinsa, babu kuma wahala.

Abin lura a nan shi ne halin da gaisuwar ta same ta. Jibrilu ya ambaci kwanon da ke hannunta. Da Allah Ya so, da Ya aiko da gaisuwar tana cikin sujada, ko tana ɗawafi a Ka'aba, amma sai ta zo mata tana tafe da abincin mijinta, aikin da kowace mace take yi sau biyu ko sau uku a yini ba tare da wani ya ɗaga kai ya dube ta ba.

Haka nan idan aka duba halwar kogon Hira. Nana A'isha (RA) ta ba da labari cewa Annabi (SAW) yakan keɓe a can yana ibada kwanaki masu yawa, idan guzurinsa ya ƙare ya komo wurin Khadija ya ɗauki wani, ya koma. Babu halwar da ta kai wannan daraja, domin a cikinta ne wahayi ya fara sauka wajen shekara ta 610 Miladiyya. Amma duk kwanakin da ya yi a kan dutsen, akwai wadda take riƙe da gida da yara da dukiya, tana kuma tanadin guzurin gaba. Duk mai shiga halwa, ko mai tafiya ziyara, ko ɗalibin da ya bar gida don neman ilimi, akwai wani a bayansa da yake ɗauke da nauyin da ya ajiye.

Wani abin da zai ƙara sa mutum tunani shi ne lokacin rasuwarta. Ta rasu a shekara ta 10 da aike, kimanin shekara 3 kafin Hijira, kafin a farlanta salloli biyar a daren Isra'i bisa zancen mafi yawan malamai. Azumin Ramadan sai a shekara ta 2 bayan Hijira aka farlanta shi. Ba ta ga Madina ba, ba ta ji kiran sallar Bilal ba, ba ta halarci Hajjin Bankwana ba. Gaskiya ne ta yi salla tare da Annabi (SAW) tun farkon al'amari, lokacin da masu salla a Makka ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Amma mafi yawan ayyukan da ake auna masu ibada da su a yau ba su riske ta ba. Tare da haka Annabi (SAW) ya lissafa ta a cikin mata huɗu mafifita a Aljanna, ita da ƴarta Faɗima da Maryama ƴar Imrana da Asiya matar Fir'auna. Ke nan abin da ya kai ta wannan matsayi shi ne imaninta, da gaskatawarta, da hidimar da ta tsaya a kanta har ƙarshen rai.

Me ya sa hidima take kaiwa can

Malaman tasawwufi sun daɗe da sanin cewa babban abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa shi ne son zuciya, da son a gani, da son a yaba. Shi ya sa tarbiyya takan fara da hidima: sharar zawiya, ɗebo ruwa, tarbar baƙi, jera takalman ƴan'uwa. Ana son zuciya ta saba da aikin da ba ya jawo mata girma. To, a duk ayyukan hidima babu wanda ya kai na cikin gida ɓoyuwa. Mai sharar zawiya wataƙila Shehu ya gan shi ya sa masa albarka. Wadda ta tashi tsakar dare saboda zazzaɓin yaro babu mai ganinta sai Allah, gobe kuma ba wanda zai ambata. Aikin da babu mai yabonsa ya fi sauƙin kuɓuta daga riya, matuƙar mai shi ya nufi Allah da shi.

Wannan sharaɗi na niyya shi ne ginshiƙin maganar. Hidimar da babu Allah a cikinta al'ada ce kawai, ko tsoron bakin mutane. Ta Nana Khadija kuwa a kan ma'arifa aka gina ta, shaidar haka ita ce ranar da Annabi (SAW) ya sauko daga Hira zuciyarsa tana bugawa, yana neman a lulluɓe shi. Ta lulluɓe shi, ta bar shi har ya natsu, sannan da ya gaya mata yana ji wa kansa tsoro, sai ta rantse cewa Allah ba zai taɓa kunyata shi ba. Ta kuma kawo hujja, ta lissafa masa cewa yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin gajiyayye, yana samar wa maras shi, yana karrama baƙo, yana taimako a kan masifun da ke afka wa mutane. A lokacin ba a saukar da komai ba sai ayoyi biyar na farko, amma ta riga ta san cewa Ubangijin da ke nan ba Ya tozarta mai irin waɗannan halaye. Daga nan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, wanda ya san littattafan da suka gabata. Ita ce ta fara yin imani da shi a cikin dukkan mutane.

Haka ta ci gaba har shekarun ƙaurace wa Banu Hashim, lokacin da aka tsare su kimanin shekara 3 a kwarin Abu Ɗalib, ba a saya musu ba a sayar musu. Matar da ayarinta yake zuwa Sham ta shiga wannan ƙunci da tsufanta, har sai da ɗan ɗan'uwanta Hakimu ɗan Hizam ya riƙa lallaɓowa yana kawo mata hatsi. Ba a daɗe da fitowa ba ta rasu, aka binne ta a Hajun, a shekarar da Abu Ɗalib ma ya rasu, wadda ake kira shekarar baƙin ciki. Imamu Suhaili, malamin Andalus, ya yi bayanin cewa an siffanta gidanta na Aljanna da rashin hayaniya da wahala ne domin ta amsa kiran Annabi (SAW) ba tare da ta sa ya ɗaga murya ko ya wahala ba, ta kuma ɗauke masa kowace gajiya, sai sakamakon ya zo daidai da aikin.

Wannan duka ba ya nufin hidima ta ɗauke wa kowa wuridi. Nana Faɗima (RA), wadda ta tashi a hannun Khadija, ta je neman mai taimaka mata saboda dutsen niƙa ya yi mata kanta a hannu, sai mahaifinta (SAW) ya koya mata da mijinta tasbihi 33, da tahmidi 33, da kabbara 34 idan za su kwanta, ya ce wannan ya fi musu mai hidima. Ya haɗa mata aikin hannu da ambaton Allah, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Saboda haka amsar tambayar farko ita ce, Allah ne kaɗai Ya san wanda ya fi kusa a cikin mai carbi da mai dama kunu, kuma mai carbi ba shi da wata hujjar da zai ɗauka cewa shi ne.

Wata shubuha da ya kamata a fuskanta

Mai yiwuwa wata ƴar'uwa ta ce, an saba jin irin wannan wa'azi, kullum ana kawo wa mata labarin Khadija don su yi shiru a kan abin da ake yi musu. Wannan ƙorafi yana da tushe. Akwai mazajen da suka haddace haƙurin Nana Khadija da dukiyar da ta bayar, suna karanta wa matansu duk lokacin da aka tambaye su kuɗin cefane, amma ba su taɓa tambayar kansu wane irin miji ne aka yi wa wannan hidima ba.

Khadija ita ta zaɓi mijinta, bayan ta jarraba amanarsa da dukiyarta. Halayen nan biyar da ta lissafa, ta gan su ne da idonta shekara 15 a cikin gida ɗaya, inda ba a iya ɓoye hali. Kuma da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Wanda yake son a yi masa irin hidimar Khadija, sai ya fara auna kansa da waɗannan halaye. Wanda kuma ya mayar da labarinta sandar dukan matarsa, ya zalunci matar, ya kuma ci amanar labarin. Haƙurin mace lada ne a gare ta a wurin Allah, amma ba ya wanke wanda ya sa ta haƙurin.

Yadda Annabi (SAW) ya tuna da ita

Idan darajar mai hidima ta kai haka, to wanda aka yi wa hidimar akwai bashi a kansa, mutuwa kuma ba ta sauke wannan bashi. Annabi (SAW) ya rayu kimanin shekara 13 bayan Khadija, ya yi wasu aure, ya shugabanci al'umma, amma Nana A'isha ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ba ta zauna da ita ba, saboda yawan ambatonta da yake yi.

Ambaton nan kuwa bai tsaya a baki ba. Yakan yanka akuya ya yayyanka naman ya aika wa ƙawayen Khadija. Wata rana ƴar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofa, da ya ji irin sallamar Khadija a muryarta sai ya zabura don murna. Wata tsohuwa ta zo masa ya tarbe ta da fara'a ƙwarai, da aka tambaye shi dalili ya ce takan zo musu a zamanin Khadija, ya kuma bayyana cewa kiyaye tsohuwar alaƙa yana daga cikin imani. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Zainab ta aiko daga Makka da fansar mijinta Abul As, a ciki har da wata sarƙar wuya da Khadija ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Da Annabi (SAW) ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mijin su mayar mata da abinta, suka kuwa yi haka. Kuma ranar da kishi ya sa aka ce masa Allah Ya musanya masa da wadda ta fi ta, bai bar maganar ta wuce ba. Ya lissafa abin da ta yi: ta yi imani da shi lokacin da mutane suka kafirce, ta gaskata shi lokacin da suka ƙaryata, ta taimake shi da dukiyarta lokacin da suka hana, Allah kuma Ya ba shi ƴaƴa daga gare ta.

A cikin wannan akwai tsarin tunawa cikakke. Ya ambaci ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, bai dunƙule su a kalma guda ba. Ya kare mutuncinta bayan ba ta nan. Ya ci gaba da kyautata wa mutanen da take ƙauna. Bai kuma ji kunyar a san yana sonta ba, har ya bayyana cewa sonta arziki ne da aka ba shi.

Abin da ya rage ga muridi

Biyayya ga iyaye tana cikin sharuɗɗan da ake karanta wa mai karɓar ɗariƙar Tijjaniyya. Sai dai sau da yawa akan ga saurayi yana rige-rigen ɗaukar takalmin Shehu, yana kwana a kan hanya don halartar Maulidi a Kiyota, amma a gida buta ma sai an miƙo masa, bai kuma san ranar ƙarshe da ya zauna ya saurari mahaifiyarsa ba. Hidimar Shehu alheri ce babba, amma wanda ya tsallake ta gida ya tafi ta waje, ya kamata ya binciki zuciyarsa, ko abin da yake nema shi ne inda za a gan shi.

Wanda mahaifiyarsa ko matarsa take raye, ƙofarsa a buɗe take. Ya gode mata da bakinsa tana ji, ya ambaci abin da ta yi da sunansa, ya karɓi wani abu daga nauyin da ke kanta, ya kuma ba ta lokacin da ita ma za ta zauna da carbinta. Yabon da za a yi ranar ta'aziyya ba zai kai kunnenta ba.

Wanda kuma tasa ta riga ta tafi, Annabi (SAW) ya nuna cewa biyayya ba ta yanke ba: akwai yi mata addu'a da nema mata gafara, da cika alkawarin da ta bari, da sada zumuncin da ba ya saduwa sai ta hanyarta, da girmama ƙawayenta. Sa'adu ɗan Ubada (RA) da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunanta. A ƙasar da mata da yawa suka tsufa a kan hanyar rijiya, wannan sadaka ba ta bukatar dogon bayani. Wanda bai da ƙarfin rijiya yana da ƙarfin randa a ƙofar gida, yana da ƙarfin ya kai wa tsohuwar aminiyar mahaifiyarsa tsokar nama ranar Layya, ya zauna ta ba shi labarin da bai sani ba. Ya kuma gaya wa ƴaƴansa ko wace ce kakarsu, da abin da ta jure, da abin da ta bayar.

Duk sharifin da ake girmamawa a yau, har da Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara musu yarda, nasabarsa tana komawa ga Nana Faɗima, ita kuwa a ɗakin Khadija aka haife ta, a hannunta aka rene ta. Mai son Ahlul Baiti ba zai manta da uwar gidan ba, wanda kuma ya san darajarta zai fara kallon mai ɗauke da kwano a gidansu da wani ido.

Allah Ya ƙara wa Nana Khadija yarda, Ya jiƙan iyaye mata da suka riga mu gidan gaskiya, Ya haskaka makwancinsu, Ya saka musu da gidan da babu hayaniya babu wahala. Waɗanda suke raye Allah Ya ba su lafiya, Ya ba ƴaƴansu da mazajensu ikon sauke haƙƙinsu tun suna gani. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya, amin.